Hannun Sama Da Hannun Ƙasa: Tsakanin Tsoho Da Yaro, Wa Ke Yi Wa Wani Hidima?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya rayuwar ɗan Adam tsakanin rauni biyu, raunin ƙuruciya da raunin tsufa, ya ajiye ƙarfi a tsakiyarsu amana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda da Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da Maulana Shehu Ibrahim Inyass da sauran waliyyai baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Garagumsa, a gundumar Takeita ta jihar Damagaram, ya san yadda ƙauyukanta ke sauya kama da zarar an gama kaka. An yanke gero, an ɗaure dammuna, an cika rumbu gwargwadon abin da Allah ya hore, sai majiya ƙarfi su fara haɗa kayan tafiya. Garin Takeita kuwa mararraba ne. Babbar hanyar da ta taso daga Damagaram zuwa Tasawa da Maraɗi ta ratsa shi, wata kuma ta ɓalle kudu zuwa Matamaye, ta tsallaka iyaka ta nufi Daura da Kano. Ta nan ƴan cin rani ke watsuwa, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Abin da ke saura a gari shi ne mata, da tsofaffi, da yara, da samarin da ba su samu kuɗin mota ba.

Da la'asar sakaliya, tsofaffi na zaune a dakalin masallaci suna jan carbi. Can gefe samari sun shimfiɗa tabarma a fada, butar shayi na kan gawayi, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Tsakanin wuraren biyu bai wuce jifa ba, amma sai a yi wata guda babu abin da ya haɗa su in ban da gaisuwa. Tsofaffi na cewa yaran yanzu ba su jin magana. Samari na cewa tsofaffi ba su san zamani ba. Yara ƙanana kuma suna yawo a tsakani, babu wanda ya riƙe su.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17. Kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka wuce shekara 65 kuwa ba su cika 3 cikin 100 ba. Tsoho a nan abu ne mai wuyar samu. Duk dattijo ɗaya da ya zauna shiru a zaure, yara masu yawa ne suka rasa mai ba su labari da mai gyara musu karatu.

Abin da wasu suka yi, da abin da aka gada

Ƙasashen da tsofaffinsu suka yi yawa sun daɗe da lura da wannan rata, har suka shirya mata tsari. A Amurka, tun shekarar 1965 gwamnati ta kafa wani shiri da ke haɗa tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi da yaran da ke buƙatar kulawa, tsohon ya zama kamar kakan riƙo. A garin Deventer na ƙasar Holan akwai gidan tsofaffi da ke ba ɗaliban jami'a ɗaki kyauta, da sharaɗin kowane ɗalibi ya ba tsofaffin gidan awa 30 na lokacinsa a wata. A Zimbabuwe kuma, a shekarar 2006, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara koyar da kakanni mata yadda za su zauna a kan benci a harabar asibiti, su saurari masu fama da damuwa, su taimaka musu warware abin da ya ƙulle musu.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan. Akwai gayya, inda samari ke taruwa su nome gonar wanda ƙarfinsa ya gaza. Akwai hirar dare a ɗakin kaka, inda ake koyon gaskiya da ƙarya ta bakin Gizo da Ƙoƙi. A zamanin Shugaba Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, matasa suka riƙa gina azuzuwan lakwal da dasa itatuwa da share gari ba tare da an biya su ba. Abin lura a nan, samarin wancan lokaci su ne tsofaffin da ke zaune a dakalin masallaci yau. Sun san aikin sa kai da jikinsu, ba labari aka ba su ba.

Misali mafi kusa da zuciyar ɗan ɗariƙa shi ne na Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Da ta ga matan ƙauye ba su da hanyar samun ilimi, ga matan aure hidimar gida ta riƙe su, sai ta dubi mutum biyu da ke da damar tafiya: tsohuwa da yarinyar da ba ta isa aure ba. Ta zaɓi dattijai mata ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa da jan rawani. Jaji ta jagoranci ayarin mata da ƴan mata su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Wannan shi ne tsarin ƴan taru. Tsohuwar da mutane za su ce ta gama amfani, Nana Asma'u ta ɗora mata nauyi, ta haɗa ta da yarinyar da za ta gaje ta.

To, ga tambayar da ya kamata muridi ya tsaya a kanta kafin ya ɗauki jarka ko fartanya ya nufi gidan wani dattijo: a wannan haɗuwa, wa ke bayarwa, wa ke karɓa?

Tsohuwa da ƙwaryar gyaɗa

A ƙaddara wani ɗalibi ya dawo hutu daga jami'ar Damagaram. Ya ji wa'azin falalar hidima, zuciyarsa ta motsa, sai ya ɗauki alkawarin kai wa wata tsohuwa ruwa kullum da safe, domin ƴaƴanta sun tafi cin rani. Ya yi mako guda yana yi. Ran na bakwai tsohuwa ta shiga ɗaki ta fito da ƴar ƙwarya da gyaɗa a ciki, ta miƙa masa.

Ya ce, "Haba Kaka, ai don Allah nake yi. Ki bar abinki."

Ta ce, "Maigida, raina abin hannuna ka yi?"

Ya rantse ba raini ba ne, ya yi sallama ya tafi yana jin daɗin ya tsare ikhlasinsa. Ita kuwa ta zauna da ƙwaryarta a hannu. Washegari da ya zo, ta gaishe shi da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ba ta ƙara kiransa maigida ba, wasan kaka da jika ya mutu.

Saurayin nan bai yi mugun nufi ba, amma ya yi kuskure babba. Ya zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa hannun da ke bayarwa ya fi hannun da ke karɓa daraja. Mutane da yawa suna karanta wannan su tsaya a kan kwaɗayin zama masu bayarwa. Ba su tambayar kansu: idan wannan daraja ce, me ya sa za a hana wa tsoho ita? Matar da ta shekara 50 tana daka, tana ciyarwa, tana rainon ƴaƴan wasu, an wayi gari an zaunar da ita a matsayin mai karɓa kaɗai, ko gyaɗarta an ƙi amsa. An ba ta ruwa, an ƙwace mata hannun sama.

Ciwon tsufa bai tsaya ga ciwon gwiwa da raunin ido ba. Wanda ya fi su zafi shi ne mutum ya wayi gari babu mai buƙatar komai daga gare shi. Ana gaishe shi, ana ba shi tuwo, amma ba a tambayarsa. Ana yanke shawara a gidan da ya gina, sai daga baya ya ji. Duk hidimar da ta ƙara wa dattijo wannan ji, to ta ciyar da cikinsa ta ƙuntata ransa. Saboda haka hidimar yaro ga tsoho ba ta cika sai yaron ya zo da buƙata tasa, ya zauna a ƙasa, ya miƙa hannu shi ma.

Yadda abin yake a gidan Annabta da wajen shehunnai

Sayyidina Anas ɗan Malik (RTA) yana da shekara 10 mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta kai shi ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima, ya kuma shekara 10 yana yi. Wanda ya kalli zahiri zai ce yaro ne ke ɗawainiya. Amma a duba abin da ya fita da shi. An yi masa addu'ar dukiya da zuriya da albarka, ya ruwaito hadisai sama da 2,000, ya rayu a Basra har ya tsufa ƙwarai, manyan tabi'ai irin su Sabitul Bunani da Hasanul Basri da Ibnu Sirin suka zauna a gabansa. Yaron da ke ɗaukar ruwan alwala ya zama dattijon da matasa ke tururuwa wurinsa. Abin da ya karɓa yana yaro shi ya bayar yana tsoho.

Haka nan Abdullahi ɗan Abbas (RTA), ɗan baffan Annabi, ya riƙe wa Zaidu ɗan Sabit (RTA) likkafar abin hawansa domin girmama ilimi, shi kuma Zaidu ya sumbaci hannunsa domin girmama gidan Annabta. Kowa a cikinsu ya ga ɗan'uwansa ne mai falala a kansa. A nan ne hannun sama da hannun ƙasa suke ɓacewa, domin kowane ɓangare yana ganin shi ne aka yi wa alheri.

Ɗariƙa ma a kan wannan aka gina ta. Silsila ba komai ba ce face babba ya miƙa wa ƙarami, ƙarami ya girma ya miƙa wa na bayansa. Babu wanda ya ɗauki wuridi daga takarda, sai daga bakin muƙaddami mai izini. Maulana Shehu Ibrahim Inyass (RTA), wanda aka haifa a 1900 ya koma ga Allah a 1975, a gaban mahaifinsa Alhaji Abdullahi Inyass ya yi karatu, kuma yana ɗan shekara 20 da ƴan kai ya tsara Ruhul Adab domin koyar da muridai ladabi. A Kiota, bayan wafatin Shehu Abubakar Hashimu (RTA) a 2004, Sayyida Ummul Khairi ƴar Shehu Ibrahim ta ci gaba da tsayuwa a kan makarantu da tarbiyyar mata da ƴan mata. Ma'abota tarbiyya sun san cewa muridin da ke share zawiyya ko ɗaukar buzun shehinsa, ba shehin ne ke buƙatar sharar ba. Nafsin muridin ce ke buƙatar a karya ta, kuma zama kusa da salihin bawa yana koyar da abin da littafi ba ya iya koyarwa: yadda ake haɗiye fushi, yadda ake karɓar baƙo, yadda ake yin shiru.

Abin baƙin ciki shi ne wasu ƴan'uwa sun keɓe wannan ladabi ga manyan shehunnai kawai. Mutum zai biya kuɗin mota ya je Kiota ko Kano ko Kaulaha neman albarka, wannan kuwa alheri ne babu shakka, amma ya wuce tsohon da ya shekara 40 yana kiran salla a unguwarsu bai taɓa zama ya tambaye shi komai ba. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi da ke nuna cewa girmama Musulmi mai furfura yana daga cikin girmama Allah, kuma ba a sa sharaɗin sai mai furfurar ya zama sananne ba.

Abin da ke hannun tsofaffi

Wani zai ce, me tsohon ƙauye zai koya wa wanda ya yi lakwal har ya kai jami'a? Amsar tana tsaye a gonakin Damagaram. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, ƙasa ta yi tsirara, iska na binne shuka da rairayi. Sai manoma a jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tsiron itatuwa a gona, suna zaɓen reshe mai ƙarfi su sassabe sauran, abin da ake kira sassaben zamani. A yankunan Mirya da Magarya da Matamaye, maƙwabtan Garagumsa, gawo ya dawo ya cika gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma yawancin aikin manoma ne suka yi shi da hannunsu.

Waɗanda suka yi wannan aiki suna da ƙarfinsu su ne tsofaffin yau. Su suka san wane kututture ne zai tofo, wane reshe ake bari, yaushe ake sassabe. Sun san yunwa da idonsu, sun san yadda ake auna hatsin rumbu ya kai wata damina. Idan suka tafi da wannan sani kabari, babu wayar da za ta dawo da shi. Kuma ya tabbata a hadisi cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga itacen da Musulmi ya shuka, sadaka ce gare shi. Saurayin da ya bi dattijo gona ya koyi sassabe ya samu sana'a, ya kuma buɗe wa dattijon ƙofar sadaka mai gudana.

Shi kansa gawo akwai darasi a cikinsa. Da damina, lokacin da kowane itace ke taƙama da ganye, shi zubar da nasa yake yi, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa. Da rani, lokacin da sauran suka bushe, sai ya yi kore, ya ba da inuwa, ƴaƴansa su ciyar da dabbobi. Dattijon kirki haka yake. Lokacin da matasa ke aiki ya janye ya ba su fili, ranar da abu ya tsananta a same shi a tsaye. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ban da gona akwai sauran abubuwa: sauraron tilawar yara da gyara musu wasali, tukar igiya da saƙar tabarmar kaba, yadda ake wankan gawa da sutura, yadda ake sulhu tsakanin manomi da makiyayi, sanin wa ya haifi wa a gari domin kada zumunci ya yanke. Kowane tsoho da tsohuwa akwai abin da ya riƙe.

To wanda ba shi da sauran abin bayarwa fa?

Nan ne maganar take buƙatar taka tsantsan. Idan aka ce mutuncin tsoho yana cikin a buƙace shi, ina makomar wanda ya kwanta ba ya tashi, ko wanda ruɗewar tsufa ta kama har ba ya gane ƴaƴansa? Shin darajarsa ta ƙare ke nan?

A'a. Neman abu daga hannun dattijo hanya ce ta faranta masa rai, amma ba shi ne tushen darajarsa ba. Darajarsa daga Allah take, wanda ya karrama ɗan Adam tun bai iya komai ba, kuma bai janye karramawar ranar da ya daina iyawa ba. Bukhari ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RTA) ya ga kamar yana da fifiko a kan waɗanda ba su kai shi ƙarfi ba, sai Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa saboda masu rauni ne ake ba al'umma nasara da arziki. Idan haka ne, tsohon da ke kwance a ɗaki, wanda ake juyawa ana share masa jiki, yana iya zama dalilin saukar ruwan da garin ke sha. Ko a wannan hali ma saurayin da ke jinyarsa bai tabbata shi ne hannun sama ba. Wannan shi ne abin da ahalin Allah ke nufi idan suka ce mai hidima ya ga falala ga wanda ya ba shi damar yin hidimar.

Abubuwa uku da ke ɓata aikin

Na farko shi ne riya, kuma a wannan zamani ta samu sabuwar ƙofa. Ƙungiya za ta kai wa tsoho tiya biyu ta gero, a jera a ɗauki hoto, kafin magariba fuskarsa ta zagaya Facebook da WhatsApp. An sayi yabon mutane da mutuncin bawan Allah. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RTA) ya kasance yana zuwa yi wa wata makauniyar tsohuwa aiki a gefen Madina, sai ya riƙa tarar da wani ya riga shi. Da ya ɓuya domin ya ga ko wane ne, sai ya ga Sayyidina Abubakar (RTA) ne, alhali yana halifa. Ba don Umar ya yi fako ba da babu wanda zai sani.

Na biyu shi ne kwaɗayin kuɗin zama. Shekarun da aka yi ana ayyukan furoje sun saba wa mutane da cewa duk taron da aka kira akwai ƴan jikkuna a ƙarshensa, har ta kai idan aka kira gayya sai wani ya tambaya nawa za a bayar. Ba laifi ba ne a biya wa mutum kuɗin mota, ko a yi wa dattijo mabuƙaci hadiyya. Amma duk aikin da kuɗi ne ƙashin bayansa, ranar da kuɗin ya yanke shi ma ya mutu. Zawiyya tana da abin da furoje ba shi da shi: mutanen da suka saba haɗuwa kullum domin Allah, ba tare da an raba musu ko dala ba.

Na uku daga ɓangaren manya yake, kuma ɓoye shi ha'inci ne. Ba kowane mai furfura ne abin koyi ba, kuma kalmar hidima an sha fakewa da ita a ci ƙarfin yara. Yaron da aka raba da iyayensa da sunan karatu, ya wuni yana bara a tasha ko yana aikin ƙarfi, karatun bai wuce na ɗan lokaci da asuba ba, wannan ba hidimar da Anas ya yi ba ce. Anas ya ba da shaida cewa a shekara 10 ba a taɓa yi masa tsawa ko zargi a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Wannan shi ne ma'auni. Babban da ke son ƙarami ya girmama shi, to hadisin Tirmizi da ya yi gargaɗi ga wanda ba ya girmama manya, shi ne kuma ya yi gargaɗi ga wanda ba ya jin ƙan ƙanana. Sayyidina Umar (RTA) yana zaunar da Ibnu Abbas, yana matashi, a majalisar dattawan Badar, da suka nuna damuwa sai ya tambaye su ma'anar Suratun Nasri, amsar yaron ta fi dacewa. Dattijon da ba ya iya sauraron yaro, yaro ba zai daɗe a gabansa ba.

Shin tsari ba ya kashe ikhlasi?

Wasu ƴan'uwa na cewa zumunci abu ne na zuciya, idan aka rubuta sunaye aka sa rana ya zama aikin ofis. Maganar tana da fuska, amma wanda ke jan lazimi safe da yamma bai kamata ya ji tsoron tsari ba. Wazifa tana da lokaci da adadi da sharuɗɗa, zikirin Juma'a yana da sa'arsa bayan la'asar, kuma babu wanda ya ce wannan ya rage musu haske. Tsarin ne ke riƙe mutum ranar da himma ta yi sanyi. Ya kuma tabbata cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A da, zaman gida ɗaya da gandu ɗaya su ke haɗa kaka da jika ba sai an shirya ba. Yanzu da cin rani da lakwal da waya suka raba su, abin da yake zuwa da kansa dole a tashi a neme shi. Zumunci a ƙafa yake.

Abin da zawiyya za ta iya yi ba ya buƙatar jiran kowa. Bayan zikirin Juma'a muƙaddami ya zauna da ƴan'uwa a lissafa tsofaffin unguwa maza da mata, na ɗariƙa da waɗanda ba na ɗariƙa ba, domin maƙwabtaka ba ta tambayar wuridi. A haɗa kowane dattijo da samari biyu, kowace tsohuwa da ƴan mata biyu, da iznin iyayensu, kuma a riƙa zama a fili inda ido ke gani. A kan matasa akwai ɗebo ruwa, yaɓen katanga da gyaran jinka kafin damina, rakiya zuwa likita, karanta saƙon waya da kiran ƴaƴan da ke nesa. A kan dattijo kuma a ɗora abu guda da zai koyar, a faɗa masa a fili cewa ana buƙatarsa. Wanda ba ya iya komai sai addu'a, a kai masa sunayen yaran unguwa ya riƙa ambatonsu bayan salla, a kuma sanar da yaran cewa Baba wane yana yi musu addu'a da sunansu. Idan tsohuwa ta miƙo gyaɗa, a sa hannu biyu a karɓa, a ci a gabanta, a ce ta yi daɗi.

Samarin da ke fada yau, waɗanda Allah ya ja kwanansu, su ne za su zauna a dakalin masallaci nan da shekara 50, kamar yadda ƴan samariyar jiya suke zaune yanzu. An ruwaito cewa matashin da ya girmama tsoho saboda shekarunsa, Allah zai hore masa mai girmama shi idan ya tsufa. Yaran da ke wasa a ƙofar zawiyya suna kallon yadda ake yi da kakanninsu, kuma abin da suka gani shi za su yi.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba tsofaffi lafiya da kyakkyawan ƙarshe, ya shiryi matasa, ya raya yara a kan sunna da ladabi. Ya dawo da matafiya gidajensu lafiya, ya ba ƙasar Damagaram da Nijar baki ɗaya damina mai albarka da zaman lafiya. Ya sanya hidimar ƴan'uwa ta zama dominsa shi kaɗai, albarkacin Annabi Muhammadu (SAW). Amin.